Dajin Falgore da Yawon Ganin Namun Daji a Ƙafa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Jos ya san cewa da zarar mota ta karya a Kwanar Ɗangora, cikin ƙasar Ƙiru, ta bi ta Tudun Wada ta nufi Doguwa, sai ƙasa ta soma sauya kama. Gonakin masara da dawa su riƙa ja da baya, itatuwa su yi kauri, duwatsu su fara leƙowa daga kudu. Wannan shi ne Dajin Falgore, gandun namun daji mafi girma a Jihar Kano. Amma yawancinmu saninmu da shi bai wuce ta tagar mota ba, direba na ba ta wuta, fasinjoji na addu'ar a fita lafiya kafin magariba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayani a kan wata hanya ta ganin daji wadda ta bambanta da wannan, wato shiga cikinsa a ƙafa, tare da jagora masanin daji, domin a kalli namun da ke ciki ba tare da an taɓa su ba. A wasu ƙasashen Afirka wannan ya zama sana'a mai lasisi da ƙa'idoji, har magidanci kan ɗauki iyalinsa su je. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja, shi ne cewa a kudancin Kano mutanen da suka san naman daji sun fi naman kansa saurin ƙarewa, kuma idan suka ƙare ko an dawo mana da dabbobin ba mu da mai nuna wa 'ya'yanmu su.

Yadda dajin ya tsira

Falgore yana da nisan kimanin kilomita 150 daga birnin Kano. Ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 900. Ta kudu maso gabas yana maƙwabtaka da gandun Lame-Burra na Jihar Bauchi, ta arewa kuma ya taɓo bakin ruwan Tiga. Kogin Kano ne ya ratsa tsakiyarsa, shi ya sa da Turawan mulki suka keɓe shi a ƙarshen shekarun 1940 aka riƙa kiran sa Gandun Kogin Kano. A 1969, zamanin marigayi Audu Baƙo, Allah ya ji ƙansa, aka ɗaga matsayinsa daga gandun itatuwa zuwa gandun namun daji.

Tambayar da ya kamata ɗalibi ya yi ita ce, ƙasar Kano da aka san ta da yawan jama'a da cinye kowane taƙi da noma, yaya aka yi ta bar daji mai wannan girma? Dalilai biyu ne manya. Na farko yaƙi. Tun daga tsakiyar ƙarni na 19 har zuwan Turawa, Ningawa sukan sauko daga duwatsunsu su kai hari a kudancin ƙasar Kano, su kama mutane su kore dabbobi. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha fama da su. Saboda haka jama'a suka tattara cikin garuruwa masu ganuwa, aka bar sararin da ke tsakanin Kano da Ningi ya koma kurmi. Na biyu kuma ƙuda. Bakin kogunan wannan yanki wurin zaman tsando ne, mai sa wa mutum ciwon barci, ya sa wa saniya sammore, ga kuma wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje na bakin ruwa mai gudu waɗanda cizonsu ke jawo makanta. Dattawa za su tuna cewa a nan kusa da mu, a Ancau ta ƙasar Zazzau, sai da gwamnati ta sare kurmin bakin rafuka ta sake wa jama'a matsuguni a ƙarshen shekarun 1930 saboda ciwon barci, har aka sa wa sabon garin suna Takalafiya. Ashe abin da ya kori manomi da makiyayi shi ya tsare gwanki da ɓauna.

Wanda ya dubi ayyukan Audu Baƙo a jere zai ga kamar akwai tunani guda a bayansu. Ga Tafkin Bagauda da masaukinsa a ƙasar Bebeji, ga madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da otal ɗin Rock Castle a kan dutse, ga Gidan Zu a cikin birni, ga kuma Falgore a can kudu. Baƙo zai iya ganin zaki a keji a Kano, ya kwana a Bagauda ko Tiga, da safe ya shiga daji. Mu da muke 'yan makaranta a wancan lokaci an kai mu Bagauda an kai mu Tiga, amma ƙarshen zangon, wato shiga dajin, shi ne bai taɓa kafuwa sosai ba. Masaukin Bagauda ma daga baya ya koma makarantar horar da lauyoyi.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai na tsawaita ba. Farin 1973 da na 1983 zuwa 1984 sun turo garken shanu daga arewa zuwa cikin gandun. Ciwon bushiya na 1983 bai tsaya a kan shanu ba, ya kashe ɓauna da gadu da yawa a dazuzzukan Arewa. Bindiga ta yawaita, masu gawayi da masu katako suka shiga da injin. Akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, akwai kuma dokar soja mai lamba 11 ta 1985 wadda ta hana kashe dabbobin da ke gab da ƙarewa, amma doka a takarda ba ta sintiri. Daga wajejen 2015 sunan Falgore ya fi fitowa a rediyo tare da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har a 2017 rundunar sojan ƙasa ta mayar da wani sashensa filin atisaye.

Inda wannan irin yawo ya samo asali

Kalmar safari da Turawa ke kiran wannan yawo da ita ba tasu ba ce. Daga Suwahili suka aro ta, su kuma daga Larabci, tushenta ɗaya da kalmar safara da muke da ita. Da farko ma'anarta tafiyar farauta ce, Bature na gaba da bindiga, 'yan alaro na biye da kaya.

Mutumin da aka fi danganta juyin da aka samu da shi shi ne Norman Carr, wani ma'aikacin daji a kwarin Luwangwa, a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya. A 1950 ya shawo kan wani basarake, Nsefu, ya keɓe wani yanki na ƙasarsa, aka gina sansani inda baƙi za su biya kuɗi su kalli dabbobi, kuɗin kuma ya koma ga jama'ar wurin. Daga nan ya riƙa fita da baƙi a ƙafa. A Afirka ta Kudu kuma, a gandun Umfolozi, Ian Player ya fara irin wannan tafiya a 1959, kuma shi da bakinsa ya sha faɗin cewa malaminsa a daji shi ne Magqubu Ntombela, wani Bazule mai gadin daji wanda bai yi karatun boko ba, gadon sanin daji ya yi. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu dawo kansa. Babban gandun Kuruga na ƙasar ya fara nasa a 1978, da ƙa'idar cewa kada ayari ya wuce mutum 8, a haɗa su da ma'aikata 2 masu bindiga, kuma ba a ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba.

Misali mafi kusa da mu yana Jamhuriyar Nijar, a Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Nan ne raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suka rage, suna kiwo a cikin gonakin mutane. A 1996 ba su wuce 50 ba. Da aka tsare su, aka kafa ƙungiyar jagorori daga 'ya'yan ƙauyukan wurin, sai adadinsu ya haura 600. Baƙo zai sauka daga mota ya bi jagora a ƙafa har ya matso kusa da su. Sai dai a watan Agusta na 2020 'yan bindiga sun kashe Faransawa 6 ma'aikatan agaji tare da direbansu da jagoransu a wurin, harka ta tsaya cik. Labarin Kure ya nuna fuska biyu: dabba takan farfaɗo idan talakan da ke kusa da ita yana cin moriyar ranta, kuma harin rana ɗaya kan rushe aikin shekara 20.

A nan gida, Yankari ta Jihar Bauchi ce aka fi sani. An keɓe ta a 1956, aka buɗe ta ga jama'a a 1962, kuma can ne giwaye kimanin 100 suka rage. Amma a Yankari yawancin kallon a mota ake yin sa, a bi bakin kogin Gaji a dawo a yi wanka a Wiki. Mota tana kai mutum nesa, tana kuma tsare shi daga hatsari. Abin da take hana shi shi ne ya sunkuya ya dubi ƙasa, kuma a ƙasa karatun yake.

Ilmin maharba

Bahaushe bai jira Norman Carr ba kafin ya san bin daji a ƙafa. Kusan kowane tsohon gari a ƙasar Ƙiru da Bebeji da Tudun Wada yana da gidan maharba, da Sarkin Baka ko Sarkin Dawa. Ya kamata a bambanta maharbi da ɗan farauta. 'Yan farauta su ne masu fita da rani a ayari, da karnuka da kulake da ganga da kirari, su kewaye daji su tayar da duk abin da ke ciki. Maharbi shi kaɗai yake tafiya, ko shi da ɗansa, kuma jarinsa shiru ne da haƙuri. Shi ne wanda iliminsa ya dace da abin da muke magana a kai.

A shekarun 1980, lokacin da aiki ke kai ni rangadi a wannan yanki, na wuni da wani tsohon maharbi a wani ƙauye na gefen gandun. Abin da na fara lura da shi shi ne wata 'yar jakar tsumma da ya rataya a wuya. Na ɗauka laya ce, ashe toka ce a ciki. Kowane ɗan lokaci sai ya kaɗa ta, ya dubi inda tokar ta nufa, sannan ya zaɓi hanya. Ya ce naman daji ya fi gaskata hancinsa a kan idonsa, in iska ta ɗauki warinka ta kai masa, to ka koma gida. Jagororin Zambiya da na Afirka ta Kudu da wannan dabarar suke aiki har yau, kuma sai sun ci jarrabawa ake ba su lasisi.

Ga kaɗan daga abin da irin waɗannan mutane ke karantawa a ƙasa. Sawun kura yana kama da na babban kare, da alamar farce, amma na ƙafar gaba ya fi na baya girma sosai, saboda ƙirarta mai tudu a gaba. Kashinta in ya bushe fari fat yake zama kamar alli, domin ƙashi take taunawa. Sawun damisa da yawancin dangin kyanwa babu farce a cikinsa, don suna maƙale shi in suna tafiya. Sawun gwaggon biri kuwa sai ka rantse yaro ne ya dafa ƙasa da hannu. Inda ka ga ƙaya mai zanen fari da baƙi a bakin kogo, beguwa ce ke ciki, kuma ba harbo ta take yi ba kamar yadda ake gaya wa yara, zubewa take yi ko ta maƙale a jikin wanda ya taɓa ta. Babban rami a gindin suri aikin dabgi ne, mai tonon gara da dare. In ya bar shi sai gadu, wanda wasu ke kira mugun dawa, ya gaje shi, kuma da baya yake shiga, haurensa na fuskantar ƙofa. Wannan ne ya sa maharbi ba ya tsayawa a gaban irin wannan rami da sassafe, ta bayansa yake zagayawa.

Bayan ido sai kunne. Mazo in ya tsorata haushi yake yi kamar kare. Kwanta-rafi da batsiya fito suke yi. In gwaggon biri ya yi wata irin tsawa daga kan dutse, wani abu ya gani, ko damisa ko mutum. Carki in ya tashi da kuka daga cikin ciyawa, akwai babbar dabba a wurin da yake cire wa kaska, a da ɓauna ce ko gwanki, yau kam yawanci saniya ce. Zabin daji da fakara su ne masu gadin safiya, in suka watse da hayaniya to duk dajin ya san kun iso. Akwai ma wani ɗan tsuntsu da ke zuwa ya dami mutum da kuka, yana tashi yana sauka, in ka bi shi sai ya kai ka kogon zuma, ladansa a bar masa saƙa.

Sai kuma sanin itace, domin kowace dabba da inda take cin abinci. Falgore dajin doka ne, da maje da marke da kawo da ƙirya, sai maɗaci da kanya a bakin kogi. Maharbi ya san lokacin da ɗinya da tsada da taura da kaɗanya ke nuna, ya san biri zai hau ya ci ya zubar, gada ta zo ƙasa ta tsinta. Saboda haka ba ya yawo barkatai, gindin itacen yake zuwa ya jira.

Mafi ban sha'awa a dabarunsu ita ce ta burtu. Burtu babban baƙin tsuntsu ne mai tafiya a ƙasa yana tsince-tsince, kuma namun daji ba sa tsoron sa. Sai maharbi ya sassaƙa kan burtu da itace, ko ya yi amfani da na gaske, ya ɗaura a goshi, ya rufa da baƙin zane, ya riƙa rarrafe yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo, har ya kusanci barewa. Yau yaranmu sun san burtu a matsayin abin tsoratarwa a cikin magana kawai. Haka suka san cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a aji mai yara 60 da wuya ka sami 2 da suka taɓa ganin barewa a sake. Karin maganarmu da tatsuniyoyinmu cike suke da dila da kurege da gauraka da zakaran ƙeƙuwa, malamin Hausa yana koyar da su kamar yadda ake koyar da sunayen garuruwan da ba a taɓa zuwa ba.

Waɗannan maharba su ne Ntombelan ƙasarmu. Waɗanda suka ga dajin da ɓauna a cikinsa yanzu sun manyanta, 'ya'yansu kuwa sun koma acaba ko aikin sa-kai na tsaro. Na san za a ce ai su ne suka ƙarar da naman, yaya za a ba kura ajiyar nama? Amsata ita ce, a wurare da yawa da wannan sana'a ta kafu a Afirka, da tsofaffin mafarauta aka kafa ta. Mutumin da zai sami kuɗin cefane kowane mako ta hanyar nuna gada mai rai ba zai sayar da ita sau ɗaya a bakin titi ba, kuma shi zai fara kai ƙarar wanda ya zo harbin ta.

Yadda ake tafiyar

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Maris. Da damina gamba takan fi mutum tsawo, ba a ganin komai, rafuka kuma sun cika. Bayan kaka ciyawa ta kwanta ko an ƙone ta, ganye ya zube, ruwa ya janye ya koma 'yan gurabe a cikin kogi, dole kowace dabba ta zo sha. A bakin irin wannan gurbi, a kan danshin yashi, ake samun sawun duk wanda ya zo da dare. A cikin yini kuwa, daga bayan sallar asuba zuwa hantsi ne, sai kuma bayan la'asar. Da tsakar rana naman daji ma inuwa yake nema.

Ana tafiya ne a layi ɗaya, jagora a gaba, wani babba a baya, yara a tsakiya. Ba a yin gaba da jagora, ba a ratsewa ko don kama ruwa sai an faɗa. Magana da hannu ake yi ko da raɗa. Tufafi su zama masu launin ƙasa ko na ganye. Farar riga tana haska mutum daga nesa, baƙi da shuɗi kuwa tsando suke jawowa. Kada a shafa turare, a kashe ƙarar waya, a sa takalmi mai rufe ƙafa, domin silifa ba ta tare ƙaya balle kububuwa. Kowa ya riƙe gorar ruwansa. Nisan da iyali za su yi kada ya wuce kilomita 3 ko 4, tunda ba tsere aka zo ba, kuma jagora nagari yakan ɓata rabin sa'a a kan suri guda.

Babbar doka ita ce kada a gudu. Duk abin da ke da haƙori ko ƙaho a daji ya fi mutum sauri, gudu kuma shi ke sa a bi ka. In an yi kiciɓis da wani abu, a tsaya cik, a dubi jagora, a ja da baya sannu in ya ce a ja. Wannan ne dalilin ƙa'idar shekara 12 da na ambata, domin ƙaramin yaro ba ya iya danne tsoro, ba ya kuma iya yin shiru na sa'a biyu. A dajinmu na yau hatsarin da ya fi kusa ba zaki ba ne. Maciji ne, musamman kasa wadda ba ta kaucewa daga hanya, sai ƙudan zuma, sai kada a gurbi mai zurfi, sai ƙishirwa. Gwaggon biri ma ba abin wasa ba ne, kada a bar yaro ya miƙa masa abinci.

Dole kuma a gaya wa yara gaskiya tun daga gida. Wanda ya saba da kallon zaki yana kama ɓauna a talabijin, in ya shiga Falgore da wannan tsammani zai dawo da fushi. Zakunan da suka rage a Nijeriya 'yan kaɗan ne, a Kainji da Yankari aka san su. Abin da mai haƙuri zai iya yin katari da shi a dazuzzukan kudancin Kano shi ne jan biri, wanda ya fi kowane biri gudu a ƙasa, da gwaggon biri, da gada, da zomo, da kurege, da damo da guza, da tsuntsaye masu yawan gaske. Masana tsuntsaye na duniya sun sa Falgore da Lame-Burra cikin jerin wurare masu muhimmanci saboda wannan. Ga cilakowa, ga tsanwaka, ga ragon maza, ga gaggafa a sama, kuma da sanyi bakin ruwan Tiga yakan karɓi tsuntsayen da suka ƙetaro Sahara daga Turai. Yaron da ya ƙirga tsuntsu iri 20 da sunayensu na Hausa a safiya ɗaya bai yi asarar tafiya ba.

Batun tsaro, da abin da za a iya yi yanzu

Ba zan shawarci kowane uba ko shugaban makaranta ya kwashi yara ya shiga tsakiyar Falgore a kan gaban kansa ba. Gandu ne na gwamnati, shiga sai da izinin ma'aikatan daji, ga sashen da sojoji ke atisaye, kuma labarin tsaro yakan sauya daga wata zuwa wata. Duk wanda zai je, ko gefe ne, ya fara ta kan hakimi da dagaci da jami'an tsaron yankin, in suka ce a dakata a dakata. Gyara wannan aikin hukuma ne, kuma yana da hujjar da ta wuce yawon buɗe ido. Itatuwan Falgore su ke riƙe ƙasar da Kogin Kano ke bi. In aka sare su, yashi ne zai gangaro ya cike Tiga, kuma da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. Manomin tumatir da bai taɓa ganin gwanki ba shi ma yana da kaso a cikin dajin nan. Na taɓa ganin takardar shawara a kan ɗaukar maharba aikin jagora ta shekara a kan teburin wani ofis har ta yi ƙura, don haka ba na sa ran abin zai zo da wuri.

Amma koyon karatun ƙasa ba ya bukatar gandu. Kowane gari a yankin nan yana da fadama ko bakin rafi ko gindin dutse. A ƙasar Ƙiru akwai gefen dajin Ɗansoshiya, inda gwamnatin jiha ta buɗe rugar makiyaya a 2020, kuma Fulanin wurin su ma masana sawu ne da itace. A Bebeji akwai bakin Bagauda da na Tiga. A Doguwa akwai duwatsun Riruwai da ruwan Zainabi mai zubowa daga dutse. A duk waɗannan wurare akwai sawun zomo da na dila da na tunku, akwai shaƙar marai a kan ƙaya, akwai suri, akwai ramin gafiya.

Ga yadda na ga ya fi sauƙi. Malami ya je wurin dagaci ya nemi a haɗa shi da Sarkin Baka ko wani tsohon maharbi mai mutunci. Su biyu su fara zagaya wurin ba tare da yara ba. Sannan a ɗebi yara kaɗan-kaɗan, kada su wuce 10 a fita ɗaya, da yardar iyayensu. A haɗa da 'yan mata da malama mai kula da su, domin an saba barin su a baya a irin wannan, alhali su ne za su yi wa na gaba tatsuniya. A yi sharaɗi da jagoran cewa ranar ba a kashe komai, ba danƙo, ba kare, ba ɗibar ƙwai, kuma a biya shi ladansa a gaban yaran, kada a sallame shi da godiya kawai. Ƙananan da ba su kai shekara 12 ba a zaunar da su a gindin tsamiya kusa da ruwa tare da iyayensu mata, su yi shiru na minti 15, za su ga abin da zai zo.

Kowane yaro ya riƙe littafi da fensir. Ya zana sawun da ya gani, ya auna shi da yatsunsa, ya rubuta sunan dabbar yadda tsohon ya faɗa, da kirarinta in tana da shi, da itacen da take ci, da watan da ake ganin ta. Sunaye sukan bambanta tsakanin Ƙiru da Doguwa, wani ma na Fulatanci ne ko na Kurama, duk a rubuta kada a gyara wa tsoho bakinsa. In akwai waya mai ɗaukar murya, a nemi izininsa a ɗauka, musamman inda yake kwaikwayon kukan mazo ko na burtu, domin wannan ba ya rubutuwa. A tambaye shi kuma shekarar da ya yi wa ɓauna ganin ƙarshe, da wurin, da sarkin da ke kan gado a lokacin. Littafin a ajiye shi a ofishin shugaban makaranta, a sa kwanan wata da sunan wurin, domin ajin baɗi su koma daidai gurbin nan a watan Janairu su gwada abin da suka tarar da abin da na bana suka rubuta.